Kwana Biyu a Gindin Tsamiya

Mahachai, ƙasar Thailand
6 ga Nuwamba, 2005

Ƙanwata Nwe Yi,

Ina gaishe ki, kuma ki durƙusa gaban Amay mahaifiyarmu ki gaishe ta a madadina. Yaya gwiwar tata? Man zafin da na aiko tana shafawa kuwa, ko ta sake kulle shi a akwati tana jiran ciwon da ya cancanci maganin Thailand? Ni lafiyata ƙalau, in ban da hannuwa da ƙanƙara ta tsattsage. Har yanzu ina kan motar ɗaukar jatan lande daga bakin ruwa zuwa masana'anta. Ƙarnin kam na daina jin sa, sai in na shiga motar haya na ga mutane suna matsawa nake tunawa yana nan.

Ga labari mai daɗi. Abin da nake tarawa ya isa, a watan Maris za mu yi wa ɗana Nyan Lin bikin shinbyu, na shigar yaro sufanci. Ya cika tara, ba na so ya girma a ce ɗan Thaung Sein bai taɓa sa rigar sufaye ba ko ta mako guda. Ina son farin dokin dattijo U San Pe, da makaɗa, da laima mai ruwan zinariya, a dafa naman alade garin Kanbyu duka ya ci ya bari. Tunda mahaifiyarsa ba ta raye, ke za ki ɗauki rigar sufancinsa a ka, ki shiga jerin gwano a gurbinta. Shekara huɗu kina rainonsa, babu wadda ta fi ki cancanta.

Sai dai Daw Tin Mya, da ta kawo mana wasiƙun wannan watan, ta faɗa min maganar da ta hana ni cin abinci. Wai an gan ki a gaban motar gawa ta ƙungiyar nan ta birni, kin hakimce kusa da direba. Wai har wanka kike yi wa gawar mutanen da ba ki san sunansu ba. Na ce mata ƙarya ne, ƙanwata masaƙiya ce.

In da gaske ne, ki bari. In lada kike nema, ki kai wa sufaye shinkafa da safe kamar kowace mace. Wannan aikin na gidan su U Po Ni ne, masu haƙa kabari tun kaka da kakanni, kuma kin san ko moɗar ruwa ba a haɗawa da su. Kada ki jawo mana magana ana gab da biki.

Yayanki,
Thaung Sein

*

Kanbyu
2 ga Disamba, 2005

Ko Ko,

Yayana, wasiƙarka ta iso tare da sabulu da takalman Nyan Lin. Takalman sun yi masa kaɗan, domin yaron da ka bari ba shi ne a gidan yanzu ba. Yana lafiya, yana cin abincin mutum biyu. Amay tana amsa gaisuwarka. Man zafi yana cikin akwati, ka san uwarka. Ta daina fita kasuwa da soyayyen duma, tana gida yanzu. Ni ma lafiya lau.

Daw Tin Mya ba ta yi ƙarya ba, kuma ina jin wannan ne karo na farko a rayuwarta.

Shekara uku ke nan ina cikin ƙungiyar, da a ɓoye, yanzu na gaji da ɓoyewa. Sufayen wani gidan ibada ne a birni suka kafa ta, suka samu tsohuwar farar mota daga wani mai injin casar shinkafa. Duk wanda ya mutu babu mai ɗaukarsa, ko danginsa ba su da halin akwati, aike kawai za a yi mana. Ba ma tambayar addininsa, ba ma tambayar gidan su wa ya fito. Ko shayi ba ma sha a gidan mamaci, don kada wani ya ce an biya mu. Ni mata nake yi wa. In wanke su, in ɗaure manyan yatsun da zare, in sa kwabon kuɗin fito zuwa lahira a baki, sannan in shafa musu thanaka, hodar itacen nan ta kwalliya, a kumatu, domin babu macen ƙasar nan da za ta yarda ta yi doguwar tafiya da fuska gayau. Makon jiya wata mai fasa dutse a bakin titi muka ɗauka. Ciwon nan da ba a faɗin sunansa ne ya kashe ta, maƙwabta duk sun watse, 'yarta kaɗai muka tarar tana kore mata ƙuda. Da muka gama yarinyar ta kalli fuskar uwar ta ce, "Yanzu ta koma ita."

Garinku kuwa ya riga ka jin labari. A shagon shayi an ware min kofi na daban, mai tsagaggen baki. Shekaranjiya U San Pe ya tako har ƙofar gida, bai shigo ba, ya tsaya daga waje yana gyaran murya.

Ya ce, "Nwe Yi, na ji Thaung Sein yana son dokina. To dokina ba ya bin bayan mai farar ƙafa."

Na ce, "Ba Gyi, babanmu, bara da ya kayar da yara biyu a gaban gidan ibada, ni ce na ɗauki rigarsu?"

Ya ce, "Bakinki ne ya hana ki aure."

Na ce, "Da ma ba a gidanka nake nema ba."

Amay ta zungure ni da muciya, amma na ga kafaɗunta suna rawa don dariya.

Ko Ko, kai da kake ba ni labarin yadda mutane suke matsawa daga jikinka a mota, kai ne za ka koya min matsawa daga jikin U Po Ni? Na karanta wannan layin naka sau uku, ya ba ni haushi sau uku.

Rigar Nyan Lin ni zan ɗauka, kamar yadda ka ce. Motar kuma ba zan sauka ba.

Ƙanwarka,
Nwe Yi

*

Mahachai
28 ga Disamba, 2005

Nwe Yi,

Ina lafiya. Ki gaida Amay da Nyan Lin. Zan aiko da wasu takalman.

Kin cika takarda da raha, amma abin da ya fi muhimmanci kin jefa shi a layi ɗaya kin wuce. Amay ta daina fita kasuwa. Matar da ta yi shekara talatin a gaban kaskon nan, ko ranar da aka haife ki sai da ta soya na safe kafin ta tafi gida! Kina tsammani ban gane ba? Mutane sun ƙaurace wa dumanta saboda ke, ta koma ɗaki da kunya a tsufanta, ke kuma kina can kina musayar baki da dattawa kina jin daɗi.

Bari in tuna miki wani abu. Wasiƙar da kika rubuto min lokacin da matata Ma Htay ta rasu tana nan, na naɗe ta a leda, a aljihun ƙirjina take ko ina kan mota. Ga abin da kika ce: "Ko Ko, kada ka damu. An kwantar da Ma Htay a ɗakinta, gari duka ya zo, U San Pe da kansa ya kama akwatin." Ban ga gawar matata ba, Nwe Yi. Ina nan ina jan ƙanƙara aka binne ta. Waɗannan kalmomin ne suka hana ni haukacewa. Duk ranar da wani ɗan ƙasar nan ya zage ni ya kira ni baƙon banza, sai in taɓa aljihuna in ce ni ma ina da garin da ya san darajata.

Mutanen da suka yi wa matata wannan karamcin za ki watsa wa ƙasa a ido? A bikin ɗanta?

Ga kuma wata matsalar. Maigidanmu ya ce babu hutu a watan Maris, lokacin ne aiki ya fi yawa, kuma takarduna suna hannunsa. Da wuya in zo. Komai yana hannunki, shi ya sa nake gaya miki ƙarara: ko ki bar ƙungiyar nan kafin ƙarshen Janairu ki je ki ba dattawa haƙuri, ko ki ba 'yar U San Pe rigar ta ɗauka, ke ki zauna a gida ranar. Ɗana ne, kuma ni ne babba. Ba shawara nake ba ki ba.

Thaung Sein

*

Kanbyu
19 ga Janairu, 2006

Ko Ko,

Muna lafiya. Gwiwar Amay ta ɗan yi sauƙi, na sace man zafin na shafa mata da ƙarfi.

Maganar kasuwa, ka karanta abin da ban rubuta ba. An ɗan guje ta, ba zan ɓoye maka ba, amma ita ta kife kaskonta da hannunta. Tsohon keken ɗinkin nan ta fito da shi, ita take ɗinka wa ƙungiya fararen mayafan rufe gawa, kullum uku ko huɗu. Da na karanta mata wasiƙarka cewa ta yi, "Ki gaya wa Thaung Sein na gaji da ciyar da masu rai, ba sa godiya."

Yanzu ka nemi wuri ka zauna.

Takardar da ke aljihunka ƙarya ce. Ni na ƙirƙira ta, Amay tana gefe tana kuka, domin mun ji tsoron abin da za ka yi wa kanka a can kai kaɗai. Shekara huɗu ina ɗauke da ita, kuma da ba ka ɗora min ita a wuya ba, da na tafi da ita kabarina.

Ka san a asibitin birni Ma Htay ta cika. Abin da ba ka tsaya ka yi tunani ba shi ne, asibiti ba cikin shingen Kanbyu yake ba. Ka san dokar garinku: wanda ya mutu a waje ba ya shigowa. Ni wawuya na ɗauka za a yi mana sassauci, tunda a garin aka haife ta, kuma babu gidan da bai ci abincin hannunta ba. Da muka iso da ita a keken shanu, sai muka tarar an gitta gora a ƙofar gabas, U San Pe da dattawa suna tsaye a bayanta. Na durƙusa a ƙasa na roƙe shi. Ya ce, "Ba ni ba ne, yarinya, al'ada ce. Kina so ki shigo mana da mutuwa?"

Na ce to a bar mu mu wuce da ita maƙabarta. Maƙabarta tana yamma, mu muna gabas. Ta cikin gari an hana. Ta gefe kuma gonaki ne, watan Satumba, riɗi ya yi kai, kowane mai gona ya ce gawa ba za ta ratsa masa amfani ba. Mai keken shanu ya sauke ta ya tafi. A gindin tsamiyar nan ta bakin ƙofa na shimfiɗa mata tabarma, inda kuke wasan ƙwallon kara kuna samari.

Kwana biyu ta yi a wurin, Ko Ko, ana ta shawara. Ga zafi. Masu fita gona suna toshe hanci suna kewaye mu. Masu kirki a cikinsu sukan ajiye min shinkafa a bakin gorar su juya da sauri. Gugan rijiya ma an hana ni. Amay tana gida ta rufe Nyan Lin don kada ya fito ya gani. Mutum ɗaya ne ya zo ya zauna tare da ni, U Po Ni. Ya yanko ganyen giginya yana kore mata ƙuda da karnuka, matarsa tana ɗebo ruwa daga rafi a tulunsu. Da ya ga shawarar dattawa ba ta da ranar ƙarewa, sai ya hau kekensa ya tafi birni, ya dawo da farar motar nan da kake jin kunyarta.

Mutum uku suka sauko, malamin makaranta, da mai gyaran agogo, da wata mata mai sayar da furanni. Babu wanda ya toshe hanci. Matar ta tsuguna, ta buɗe fuskar Ma Htay ta ce, "Sannu ƙanwata, kin sha jira." Ta taya ni wanka, ta ciro thanaka daga jakarta ta shafa mata. Sannan suka bi da ita ta babban titi, mil goma sha huɗu, don a kai ta maƙabartar da daga tsamiyar nan kana iya hango itatuwanta. U Po Ni ya haƙa, mu biyar muka sauke ta. U San Pe ko ƙurar motar bai bi da ido ba.

Ranar na san su wane ne dangina. Ba lada nake nema ba, Ko Ko. Ba na so wata mace ta sake kwana a gindin itace kamar kayan da aka manta.

Ka yafe min ƙaryar, ita kam na yi laifi. Amma yanzu da ka sani, ka sake gaya min wa zan ba rigar.

Nwe Yi

*

Kanbyu
27 ga Fabrairu, 2006

Ko Ko,

Ina fata kana lafiya, tunda ba ka ga dama ka gaya mana ba. Mu muna nan. Amay ta rame, kullum tana zaune inda za ta hango hanya.

Daw Tin Mya ta rantse a hannunka ta sa wasiƙata. Ta ce a tsaye ka karanta, ka ninke, ka wuce ba ka ko yi mata sallama ba. Tun daga nan ta je ta dawo sau biyu hannu wofi. Na biyun ma cewa ta yi ba ta same ka ba, abokan ɗakinka sun ce ka kwashe kayanka. In fushi kake da ni, ka yi fushin a takarda. Ka zage ni, na saba. Wannan shirun ne ba zan iya ba.

Ga abin da ya faru a bayanka. Dattawa sun tafi gidan ibada wurin Sayadaw, shugaban sufaye, wai ya hana ni shiga jerin gwano. Ni ma na bi su na zauna a baya. U San Pe ya yi ta jawabi a kan rigar sufaye da tsarkinta, da yadda hannun da ya taɓa gawa zai ɓata ta. Tsohon ya bar shi ya gama tsaf, ka san yadda yake yi kamar barci ya ɗauke shi. Sai ya buɗe ido ya ce, "San Pe, ka san da me aka ɗinka rigunan sufaye na farko? Tsummokaran da aka tsinto a maƙabarta ne, aka wanke aka rina. In hannun Nwe Yi zai ɓata wannan rigar, to ta daɗe da ɓaci."

U San Pe ya sunkuya sau uku kamar mutumin kirki, ya fita. Kafin yamma ya janye dokinsa. Washegari makaɗa suka aiko wai an riga an kama su a wani gari. Matan da suka yi alkawarin girki kuwa, kowacce ta tashi da ciwon baya a rana ɗaya. Ban taɓa ganin annoba mai ladabi irin wannan ba.

Sayadaw ya sa rana, sha biyu ga Maris. Abin da ka aiko ya isa komai, an sayi kayan ado da alade. Za a yi, da kai ko babu kai, da doki ko babu doki.

Amma bari in faɗa maka gaskiya tunda na daina yi maka ƙarya. Tsoro nake ji. Ba tsoron U San Pe ba. Tsorona kada yaron nan ya waiga ranar bikinsa ya ga babu kowa a bayansa, kuma ya san saboda ni ne.

Ka rubuto, ko layi ɗaya.

Nwe Yi

*

Kanbyu
14 ga Maris, 2006

Ko Ko,

Ban san inda wannan takardar za ta same ka ba. Zan ba Daw Tin Mya ta yi ta yawo da ita. Muna lafiya. An yi biki shekaranjiya, ɗanka yana gidan ibada da ƙwalƙwalin kai, ya ce a gaya maka yunwar yamma ce kawai matsalarsa, tunda sufaye ba sa ci in rana ta raba.

Da safe na sa masa kayan 'ya'yan sarakuna, siliki da hular zinariya, ya fito kamar ba jikan mai soya duma ba. Sai muka tsaya cirko-cirko a tsakar gida, domin ka san ƙafarsa ba za ta taɓa ƙasa ba ranar, kuma babu doki. Maza biyun da suka iso a lokacin tsofaffi ne, su kansu a ɗauke su ake so. Can na hango U Po Ni a bayan shinge, nesa, inda yake tsayawa ya kalli bikin kowa tun muna yara.

Amay ce ta ɗaga murya. Ta ce, "Po Ni! Kai da ka ɗauki uwar, zo ka ɗauki ɗan."

Ya waiga baya yana neman wani Po Nin. Ya ce, "Daw Gyi, uwarmu, ni? Cikin gidanki?"

Ta ce, "Akwai wani mai kafaɗa a nan? Shigo, rana tana yi."

Sai da ya je rafi ya yi wanka, ya ari rigarka fara ta cikin akwati, sannan ya tsuguna yaron ya hau wuyansa. Ya riƙe gwiwoyin Nyan Lin ya miƙe.

Gida tara ne suka fito a duk faɗin Kanbyu, na ƙirga. Sauran sun rufe ƙofa, amma babu tsagar gora da ba ido a cikinta. 'Yan ƙungiya sun zo, sun bar motar a waje don kada a ce mun yi tsokana. Mai gyaran agogo ya rataya rediyo a wuya tana kiɗa, mai furanni ta riƙe laima. Ni kuma ina gaba da rigar a kaina. Na taka a hankali, musamman a ƙofar gidan U San Pe.

Abu ɗaya na yi da ban shawarci kowa ba. Da muka gama gaida ɗakin aljanin da ke tsaron gari, maimakon in miƙe gidan ibada, sai na fita da su ta ƙofar gabas zuwa gindin tsamiya. Na ce wa Nyan Lin, "A nan mahaifiyarka ta yi kwana biyu kafin a binne ta, domin an hana ta shiga gari." Ya kalli ƙasar wurin ya daɗe. Ya ce, "Ita kaɗai?" Na ce, "A'a. Da ni, da mutumin da kake kan wuyansa." Sai ya sa hannu biyu ya rungume kan U Po Ni, tsohon kuma hawaye yana zuba a kan rigarka. In ka ga na yi kuskure da na gaya masa, ka zo ka faɗa min da bakinka.

Wurin aski, farin ƙyallen da iyaye suke riƙewa a tari gashi, ni na kama gefe ɗaya, Amay ta kama naka. Ɗinkinta ne, daga yadin mayafan gawar nan da ka sani.

Abinci ya yi saura tukunya-tukunya. Mun kai wa masu jinya a asibiti da masu fasa dutse, sun cinye tas, babu wanda ya tambayi hannun wa ya dafa. Jiya mai shagon da yake karɓar saƙata ya dawo min da zannuwa shida, wai ba sa tafiya. Ƙawar Amay ta shekara arba'in ta gan ta a hanya ta tsallaka ɗaya gefen. Wannan ya yi wa Amay zafi, ta shiga ɗaki ta daɗe. Ni ma ya yi min. Amma ban yi nadama ba, kuma gobe da safe akwai wata tsohuwa da za mu ɗauko a bayan tashar jirgin ƙasa.

Na ajiye maka gashin. Ka kasance a raye, Ko Ko, sauran duk mai sauƙi ne.

Nwe Yi

*

Myawaddy, bakin iyaka
21 ga Maris, 2006

Ƙanwata,

Ina raye. Ki fara gaya wa Amay wannan kafin ki karanta sauran. Ƙafafuna ne suka kumbura, wasu sufaye a nan masu karɓar irinmu da aka koro sun ba ni wuri, sun ce in huta kwana uku. Wani direban mota zai kawo miki wannan, zai riga ni isowa.

Tun wasiƙarki ta Janairu ban sake samun komai daga gare ki ba, in ma kin rubuto. Ranar da na karanta ta, na ɗauki biro sau huɗu na kasa. Me zan ce? Sai na ga ba amsar takarda kike buƙata ba. Na bar wa maigida motarsa da takarduna, na kama hanyar gida don in tsaya kusa da ke ranar biki. A wani shingen bincike aka sauke ni, ba takarda, aka rufe ni mako shida. Jiya aka tsallako da mu gada.

Ban san ko an yi bikin ba. Ban san wa ya ɗauki rigar ba. In ba ke ba ce, laifina ne, kuma za mu sake wani ko da mu huɗu ne a jerin gwanon. Maganar yafiya kada ki sake yi min ita. Ke kika zauna da ita, ni ina can ina taɓa aljihu ina alfahari da U San Pe.

Ki tambayar min mutanenki ko motar tana buƙatar direba na biyu. Shekara shida ina tuƙa kayan da mutane suke toshe wa hanci, ba sabon abu ba ne a wurina. Ki kuma gaya wa U Po Ni ina so in durƙusa a gabansa in sa goshina a ƙasa, da rana tsaka, inda kowa zai gani.

Kada ki share min ɗaki tukuna. In na sauka ba zan shiga ta ƙofar gabas ba. Kwana biyu zan yi a gindin tsamiya, a kan hanyar masu fita gona, duk wanda ya tambaye ni me nake yi a wurin in gaya masa, wanda bai tambaya ba ma in gaya masa. Bayan nan sai in shigo in gaida Amay.

Kada ki kawo min katifa ko gidan sauro. Tabarmar da kika shimfiɗa mata za ki kawo. Na san ki, ba ki jefar da ita ba.

Yayanki,
Thaung Sein